Lauyan Littafi Da Lauyan Garwa

Kwanakin baya wata ƙanwata a harkar rubutu ta turo min labarin da take haɗawa, ta ce, "Yaya, a duba min kafin in sake shi." A Garwa ta gina labarin, Hausarta mai daɗi, taurarinta kuma suna da rai. Ina ta karatu har na iso babin kotu, a nan na tsaya. Jarumar lauya ce, kowa yana ce mata Barista. Ta ɗora farar hular gashin nan ta lauyoyin Ingila, ta miƙe ta zuba jawabi mai shafi uku, alƙali ya buga guduma ya wanke wanda ake zargi a zama ɗaya, 'yan kallo suka ɓarke da kabbara. Na ce mata, "Ƙanwata, kin taɓa shiga kotu a Garwa kuwa?" Ta yi dariya ta ce a fim take gani.

Laifin ba nata ba ne ita kaɗai, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna shi a fili. A yawancin littattafan da muke karantawa a waya, sana'a riga ce kawai da marubuci yake sa wa tauraro don ta dace da motarsa da gidansa. Barista, Dakta, Injiniya, duk laƙabi ne. Da wuya ka ga Daktan ya rasa jinin da zai ƙara wa mai haihuwa, ko Baristar ta yi sammako zuwa kotu ta tarar an ɗage shari'a. A ganina asarar da muke yi a nan babba ce, domin wahalhalun aikin da muke tsallakewa su ne ainihin inda labarin yake.

Mu fara da abin da ido ke gani. A Garwa "Metir" ake kiran lauya, kamar yadda ake yi a Faransa. Baƙar riga yake sawa mai ɗan farin ƙyalle a wuya, babu hular gashi. Dalilin yana cikin tarihi. Bayan an kori Jamusawa a 1916, Faransa da Ingila suka raba Kamaru, aka sake haɗewa a 1961, kowane ɓangare ya taho da tsarin shari'ar da ya gada. Jihohi takwas, har da namu uku na arewa, suna kan tsarin Faransa, biyu kuma, Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, suna kan na Ingila. Marubucin da ya ɗauko kotun Kano daga fim ya dasa ta a bakin Binuwai ya yi wa mai karatu ƙarya tun kafin alƙali ya zauna.

Wannan ƙaramin kuskure ne in an kwatanta da batun harshe. Da Faransanci ake shari'a a nan, alhali mutanen da ke cika bencin kotu da Fulatanci suke rayuwa, ko Hausa, ko Gidar, ko Mundan, ko Tufuri. Na taɓa raka kawuna wata kotu kan rikicin gona. Hausa ce harshensa, amma tafintan da aka samu ranar ya fi ƙwarewa a Fulatanci, don haka Kawu ya ba da bayaninsa cikin harshen da ya koya a kasuwa, tafinta ya juya shi zuwa Faransanci, magatakarda ya rubuta. Duk shari'ar a kan kalma ɗaya ta rataya: aro ya ba da gonar, ko jingina, ko sayarwa? Lauyansa mutumin kudu ne, ba ya jin ko ɗaya daga harsunan biyu, yana zaune yana kallon bakin mutumin da yake karewa bai san abin da ke fitowa ba sai abin da aka miƙo masa. Da muka fito Kawu ya ce min, "Ɗana, na yi magana, amma ban san abin da na faɗa ba." Wane marubuci ne zai ga wannan ya ce jawabin shafi uku ya fi shi tayar da hankali?

Kada a ɗauka ƙorafin ƙauyawa ne. A Oktoban 2016 lauyoyin yankin masu Turancin Ingila suka tsunduma yajin aiki, daga cikin kokensu akwai rashin fassara dokokin kasuwanci na OHADA zuwa Ingilishi da turo musu alƙalan da ba su ƙware a tsarinsu ba. Malaman makaranta suka bi su a Nuwamba, kuma kowa ya san yaƙin da ya biyo baya. A Satumban 2019 kuma ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa baki ɗaya ta ƙaurace wa kotuna kwana biyar, tana kukan ana hana lauya ganin wanda yake karewa, ana kuma yi wa mutane shari'a da harshen da ba sa ji. Tun a 1973 Amadou Hampâté Bâ na Mali ya nuna mana hanya, lokacin da ya gina littafinsa na Wangrin kacokan a kan tafintan zamanin Turawa, mutumin da ke tsakanin mai mulki da talaka yana cin moriyar kowane ɓangare. Mu da muke ganin tafinta kowace ranar zaman kotu, ni dai ban ci karo da littafin Hausa ɗaya da ya ba shi babi guda ba.

Sai batun takarda. Kundin hukunta laifuka na 2016 ya tanadi ɗauri ga wanda ya tilasta wa wani aure, da wanda ya aurar da yaro ko yarinya da ba su kai shekara 18 ba. A littafi, Barista za ta karanto wannan sashe a ɗaure uban nan take. A zahiri tambayar farko da za a yi mata ita ce, ina takardar haihuwar yarinyar? Idan ba a yi mata a kan lokaci ba, kamar yadda yake ga yara da yawa a ƙauyukanmu, sai an nemi hukuncin kotu na musamman, sau da yawa sai likita ya duba ta ya ƙiyasta shekarunta, sai an kawo shaidu, kuma shaidun dangin uban da ake ƙara ne. Haka matar da aka ɗaura wa aure a masallaci ba a je ofishin magajin gari an sa hannu ba. Ranar da mijin ya rasu aka zo rabon gado a gaban hukuma, ita da ta yi shekara ashirin a ɗakinta sai ta fara neman hujjar cewa matarsa ce. Kafin duk wannan ma sai lauya ya auna inda zai shigar da maganar: kotun da ke bin al'ada da taimakon dattawa masu ba alƙali shawara, ko kotun da ke bin rubutacciyar doka. Galibi kafin a iso wurinsa maganar ta riga ta ratsa ta gaban jauro da fadar lamiɗo, an yanke wani abu da dangi suke ganin shi ne ƙarshe.

A nan ne nake jinjina wa Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa. Littafinta Munyal ya fito a 2017, aka sake fitar da shi a Faransa da sunan Les Impatientes, ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020. Mata uku ne a ciki, Ramla da Hindu da Safira, kowace da irin ƙuncin aurenta, kuma kalmar da ake ta jefa musu ita ce munyal, wato haƙuri. Babu lauyar da ta faɗo daga sama ta cece su. A tsakar gida da taron dangi ake yanke musu hukunci, wanda kuwa shi ne gaskiyar yawancin gidajenmu. Amma ina da ƙorafi ɗaya. Baƙon da ya karanta littafin a Faris zai iya ɗauka babu wata doka sam a arewacin Kamaru, alhali dokar tana nan a rubuce, hanyar isa gare ta ce ta toshe. Na so a ce marubuciyar ta bar ɗaya daga cikinsu ta kai bakin ƙofar kotu, mu ga da idonmu abin da zai mayar da ita gida. Tazarar da ke tsakanin doka da mai buƙatarta fili ne da har yanzu ba a nome shi ba.

Abu na uku shi ne lokaci da nisa. Mutumin Figil da ke da shari'a zai nufi Gidar, hedikwatar Mayo-Luti. In ya ɗaukaka ƙara sai Garwa, tafiyar kusan kilomita 90. Mafi yawan lauyoyin ƙasar kuwa a Duwala da Yawunde suka tare. Kowane ɗagewa kuɗin mota ne da yinin gona ko na kasuwa da ya salwanta. Akwai dokar 2009 ta tallafa wa marasa hali da lauya, sai dai neman tallafin shi ma takardu yake ci. Dokar bin bahasin laifuka da ta fara aiki a Janairun 2007 ta ƙayyade tsarewar jiran shari'a zuwa wata 6, ana iya ƙarawa har ta kai wata 18 a manyan laifuka. Duk lauyan da ke zuwa gidan yari ya san rabin aikinsa tunatar da hukuma wannan lissafin ne.

Wanda ke son ganin yadda lauya da ɗan jarida suke shiga tsaka mai wuya a lokaci guda, ya duba shari'ar Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI. An kama shi a Marwa ranar 30 ga Yulin 2015, ya yi watanni ba ya ganin lauya ko iyali, aka gurfanar da shi gaban kotun soja a Yawunde ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014. A Afrilun 2017 aka yanke masa shekara 10, ɗaya daga cikin tuhumar ita ce rashin kai rahoton ayyukan ta'addanci ga hukuma. Da aka ɗaukaka ƙara hukuncin ya koma wata 24, aka sake shi ranar 22 ga Disambar 2017, bayan ya riga ya zarce wa'adin a tsare. Sana'arsa ta ce ya ji ta bakin kowa ya kuma kare wanda ya ba shi labari, doka ta ce ya kai rahoto. Lauyansa kuma farar hula yake karewa a gaban masu kaki. Mun ji muryar mutumin nan a rediyo da harshenmu, amma littattafanmu suna can suna aurar da Barista ga ɗan gwamna.

Idan ana neman abin koyi, ina ba da shawarar fim ɗin Sisters in Law na 2005, wanda Florence Ayisi da Kim Longinotto suka ɗauka a Kumba. Fim ne na gaskiya da ya bi mai gabatar da ƙara Vera Ngassa da alƙaliya Beatrice Ntuba a bakin aikinsu. Abin da ya riƙe ni a ciki shi ne ƙananan abubuwa: ƙaramin ofis cike da fayil, yadda ake sauka daga Turancin kotu zuwa Turancin kasuwa don mai ƙara ta fahimta, da wata baiwar Allah musulma da ta kai mijinta ƙara kan duka, ana ta matsa mata ta janye. Aibinsa shi ne shari'o'in da aka nuna duk da nasara suka ƙare, kuma mutum yakan gyara zama in ya san kyamara na kallonsa. Kumba ma tsarin Ingila take bi, don haka ba za a kwafo ta a kawo Garwa ba. Darasin dai yana nan: masu fim ɗin sun zauna sun kalli aikin kafin su ba da labarinsa.

Na san abin da wasu 'yan uwa za su ce, cewa mai karatu hutu yake nema, ya gaji da wahalar duniya, kuma littafin soyayya ba darasin doka ba ne. Na yarda da rabin maganar. Amma mu tuna su wa ke karanta mu. Akwai yarinyar da abin da ta sani game da kotu duk daga littattafanmu ta samo shi. In mun koya mata cewa gaskiya kaɗai ta isa a ci shari'a a yini guda, ranar da ta je aka tambaye ta takarda za ta dawo da yaƙinin cewa an sayar da shari'arta, ko da ba a sayar ba. In kuwa a tsakiyar labarin soyayya ta ga jaruma ta nace sai an sa hannu a ofishin magajin gari, ko uwa ta yi wa jaririnta takardar haihuwa tun yana zanen goyo, mun ba ta abin da zai amfane ta ba tare da mun yi mata wa'azi ba. Daɗin labarin ma ƙaruwa zai yi, domin jarumar da ta sha ɗagewa bakwai kafin ta yi nasara ta fi shiga rai.

Haka yake ga sauran sana'o'i. A nan Figil muna da masana'antar siminti da wuraren fasa dutse, muna da malaman asibiti da ke kwana da masu amai da gudawa in damina ta yi tsanani, muna da malamin firamare da ke koyar da Faransanci ga aji cike maƙil da yaran da ba su taɓa jin harshen a gida ba. Kowannensu yana da ranar da ƙa'idar aikinsa za ta ce abu ɗaya, halin da yake ciki ya ce wani, kuma dole ya zaɓa kafin rana ta faɗi.

Ƙofar kotu a buɗe take ga kowa a yawancin zama, ba a biyan ko dala. Abin da na faɗa wa ƙanwar tawa ke nan: ta ɗauki littafin rubutu ta je ta zauna a bencin baya kwana uku, ta saurari tafinta, ta ƙirga shari'o'in da aka ɗage, in an tashi ta gaisa da wani Metir ta tambaye shi abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya a aikinsa. Ta ce min za ta je ranar zaman da ke tafe, kuma ta riga ta cire wa jarumarta hular. Ina jiran sabon babin.