Abin da Allon Maki Bai Faɗa Ba a Treichville

Ranar Lahadi 3 ga Agusta, 2025, 'yan matan Najeriya, D'Tigress, suka doke Mali da maki 78 da 64 a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta matan Afirka, a zauren wasanni na Treichville da ke Abijan. Kofi na biyar ke nan a jere, na bakwai a tarihi. Wannan kowa ya ji shi a labaran wasanni. Amma wanda ya ji alƙaluma kawai zai ɗauka wasa ne mai sauƙi. Ni da nake cikin zauren ban ga sauƙi ba, kuma abin da na gani shi nake son mu tattauna.

Bari mu fara da wurin. Mai fitowa daga Adjamé, inda tasha da kasuwa suke haɗa Bahaushen Maraɗi da na Kano, zai ratsa Plateau ya haye gada kafin ya sauka Treichville. Unguwa ce ta baƙi tun fil azal: Malawa, 'yan Senegal, 'yan Nijar, kowa da layinsa. Ko garba, wato acake da soyayyen kifi da 'yan birnin ke karyawa da shi, ana danganta sunansa da 'yan Nijar masu sayar da shi. Don haka ba a baƙunta Mali ta buga ba, 'ya'yanta sun zo da ganguna. Zauren kuma ba ya ɗaukar ko dubu biyar. Ƙanƙantarsa ita ce albarkarsa: kana jin ƙarar takalmi a kan katako, kana jin 'yar wasa na kiran 'yar uwarta, kana ganin gumi. A filin ƙwallon ƙafa ɗan kallo na hango wasa ne. A nan cikinsa yake zaune.

Mali ta fara da zafi. Sika Koné ta mamaye ƙarƙashin kwando, abokan wasanta suna sauri kamar an kunna musu wuta. Aka tafi hutun rabin lokaci 41 da 41. Mai karatu, yi lissafi da kanka: bayan an dawo Najeriya ta ci maki 37, Mali ta ci 23. Wato jifan Najeriya bai ƙaru ba, har ma ya ɗan ragu. Na Mali ne ya ƙafe. Da tsaro aka ci kofin nan.

Tsaro kuwa shi ne abin da kyamara ba ta iya nunawa sosai, domin ita ƙwallo take bi, alhali mutum tara cikin goman da ke fili ba sa riƙe da ita. A dokar wasan, ƙungiya na da daƙiƙa 24 kacal ta yi jifa. Mai tsaro ba sai ta ƙwace ƙwallo ba. Ya ishe ta ta toshe hanya, ta hana a miƙa wa wadda ake nema, har agogo ya ci rabinsa, sai mai jifa ta jefa a gaggauce daga inda ba ta so. Haka 'yan Najeriya suka yi ta yi. Ɗaya ta tare, ta biyu ta rufe gurbin da ta bari, ta uku ta sa jiki ta kange abokiyar hamayya don kada ta cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A zangon ƙarshe bangon ya ƙi tsagewa, gangunan Malawa suka fara sanyi.

An ba Amy Okonkwo kambun gwarzuwar gasa, ta kuwa cancanta. Ezinne Kalu ma ta zuba maki a daren. Sai dai idona ya fi tsayawa a kan irin su Murjanatu Musa, masu aikin da allo ba ya cika ƙirgawa: tsayawa ƙiƙam a gaban mai tsaro don 'yar uwa ta samu hanya, da shan gwiwar hannu a ƙarƙashin kwando. Yabo kuma ya tabbata ga mai horarwa Rena Wakama, wadda a 2024 ta kai ƙungiyar nan zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Paris, matakin da babu wata ƙungiyar kwando ta Afirka, maza ko mata, da ta taɓa kaiwa.

Abu guda bai gamshe ni ba, kuma ba na Abijan kaɗai ba ne, yayi ne da wasan ya kwaso daga Amurka: da an busa hutu sai a saki kiɗan lasifika ya danne komai. Inda 'yan kallo suka zo da makaɗansu, wannan kamar kai wa mai rijiya ruwan leda ne.

To, ina Bahaushe a cikin wannan duka? A nan ne zancen ya shafe mu. Ƙwallon ƙafa ta zama tamu ne saboda an yi mata harshe. "Bugun daga kai sai mai tsaron gida", "satar gida", "bugun kusurwa": da waɗannan tsohon da bai taɓa shiga fili ba yake kallon wasa da kunne. Dambe da kokawa kuwa ba a magana, kowane naushi da kowace kaye da sunansu. Ƙwallon kwando fa? Daga "ta jefa" sai "ta ci". Abin da ba shi da suna ba a iya yabonsa, ba a iya gardama a kansa a majalisa, uba kuma ba zai fahimci abin da 'yarsa ke son koya ba, balle ya bar ta.

Kuma wasan ba baƙo ba ne a Arewa. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi, inda koci Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Kano Pillars ta kwando ta sha ɗaukar kofin Najeriya. Tsayi muna da shi, tarihi muna da shi. Kalmomi ne babu.

Ga tawa gudummawar, masu harshe su gyara. Tsayuwar da ake yi don buɗe wa ɗan uwa hanya, mu kira ta shinge. Cafe ƙwallon da ta ƙi shiga, tsintuwa. Jifan maki uku daga bayan layi, jifan nesa. Jifan da ake bayarwa bayan an yi wa mutum ƙeta, jifan diyya. In wata ba ta zauna a baki ba, masu sauraro za su tofar da ita su kawo wadda ta fi, don haka harshe yake yi.

Wanda kuma ya samu dama, a Abijan ko Kano ko Yamai, ya shiga zaure ya kalli wasa ko sau ɗaya ne. In ya zauna, ya ɗauke ido daga kan ƙwallo na minti biyu, ya dubi sauran taran.