Gamayyar Taurarin Wasannin Talabijin a Littattafan Zane: Matsalar Murya Daga Batman Zuwa Samanja da Karkuzu

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da gamayyar taurari a wannan maƙala shi ne a ɗauko taurarin wasannin talabijin biyu, waɗanda kowanne yake da tasa duniyar, a haɗa su cikin labari guda. Masu buga littattafan zane a Amurka sun mayar da wannan sana'a. A 2012 kamfanin IDW ya haɗa mutanen Star Trek da na Doctor Who a jerin littattafai 8, sannan a 2014 DC da Dynamite suka haɗa Batman na talabijin, wanda aka fara nunawa a 1966, da Green Hornet. Maƙalar za ta auna nasarar waɗannan ayyuka da ma'aunin harshe, ta kuma dubi abin da hakan yake nufi ga wasannin Hausa na da.

2.0 Abin da Zane ke Iyawa

Fa'idar zane a fili take: alƙalami bai san tsufa ko mutuwa ba. Batman da Green Hornet sun taɓa haɗuwa a talabijin a 1967, amma Bruce Lee, wanda ya fito a matsayin Kato, ya rasu tun 1973, sai ga shi a takarda da ƙuruciyarsa. Sai dai ayyukan biyu ba su yi nasara daidai ba. Na Batman ya zauna daram, domin tun asali wasan yana rubuta ƙarar naushi da manyan baƙaƙe a fuskar talabijin, wato ya saba wa mai kallo da karanta sauti. Na Star Trek kuwa ya ba da ƙarfi wajen kamanta fuskoki, har suka yi kama da hoto, amma suka sandare. An sami fuskar, an rasa mutumin.

3.0 Samanja da Karkuzu

A nan ne batun ya shafi masu nazarin Hausa. Jos gari ne da ya yi fice a wasan talabijin: a yankinsa aka shirya Cock Crow at Dawn daga 1980, inda Ƙasimu Yero ya fito a matsayin Uncle Gaga, kuma daga nan Karkuzu na Bodara ya yi tashe a shekarun 1980. A Kaduna kuma akwai Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Pategi a 2023, Karkuzu a 2025. Saboda haka hanyar da ta rage a ga Samanja ya yi kiciɓis da Karkuzu a kasuwar Taminus ita ce zane.

To amma mene ne Samanja in aka cire bakinsa? Kaki da sanda kowane mai zane zai iya. Abin da ya riƙe masu kallo shi ne Hausar bariki da yake surkawa da Ingilishi, da tsawar soja, da karin harshen mutumin Pategi. Barikanci ba ya kula da bambancin jinsi, ana iya jin "mace ya zo", kuma yakan sassauta baƙaƙe masu lanƙwasa. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin Kano, ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutun yau da kullum, balle amon murya. Edita mai kishin ƙa'idojin rubutu, irin wanda sassanmu suke yayewa kowace shekara, zai gyara wa Samanja nahawu, kuma da ya gyara ya kashe shi. Idan bakin baƙo da na mai masauki suka zama ɗaya a takarda, gamayyar ba ta da sauran amfani, domin daɗinta yana cikin karon harsunan ne.

Inda Hausa ta fi ƙarfi shi ne amsa-kama. Kalmomi irin su tim da fau da kwatsam da ragwajab ba sa buƙatar ƙirƙira kamar yadda marubutan Batman suka riƙa yi, suna nan a bakin kowane yaro. Abin da babu matsaya a kansa shi ne yadda za a rubuta karyayyar Hausa da gangan ba tare da an ɗauke ta kuskuren ɗab'i ba, kuma wannan aiki ne na masana ƙa'idojin rubutu kafin ya zama na masu zane.