Kunya Ce Ko Shariya?

Yau ƙorafi gare ni, kuma da marubutan littattafan soyayya nake, su da mu da ke karantawa muna kwaikwayo.

Tun ina budurwa nake karatun littattafan nan, tun zamanin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, muna karɓo haya muna ɓoyewa ƙarƙashin katifa. Ba zan yi butulci ba, da yawanmu da su bakinmu ya faɗa da karatun Hausa. Amma daga baya wata ɗabi'a ta shigo wa wasu marubutan, har yau kuma tana nan a littattafan da ake turawa ta waya. In ana so a nuna yarinya ta isa, sai a ce miskila ce. Ba ta dariya, gaisuwa da ka take amsawa, a yi mata magana goma ta mayar da ɗaya tana yatsina. Shi ma gogan haka, kullum fuska a ɗaure yana shan ƙamshi. Sai marubuciya ta ce wai kunya ce da kawaici irin na 'yar asali. To a nan muka raba gari.

Bahaushe bai tara kalmomin nan don ado ba, kowace da gurbinta. Kunya, wadda tsofaffinmu na nan Gangara ke kira kumya kamar 'yan uwanmu na Maraɗi, ja da baya ne saboda girman wanda ke gabanki. Ita ke hana uwa kama sunan ɗan fari, ita ke hana amarya cin abinci gaban surukai. Kara kuwa, kina da haƙƙi ki bar wa wani, kamar uwar da za ta tsawata wa ɗanta alhali ɗan kishiya ne da laifi. Kawaici, kin gani kin ji, amma kin kau da kai don kada wani ya muzanta. Fulako ma da muke faɗa, daga pulaaku na Fulani muka aro shi. Duk waɗannan, mutumin da aka yi wa shirun yana nan daram a zuciya.

Ki dubi ɗaya ɓangaren. Jan aji ciniki ne, budurwa ce ke ɗaga farashinta, kuma yana da ranar ƙarewa. Basarwa, kin ga mutum kin yi kamar babu shi. Shariya kuwa sunanta ya tona ta, kalma ɗaya ce da ta tsintsiya: kin share mutum kamar yadda kike share tsakar gida. In ta daɗe ta zama gaba, wadda addini ya hana ta wuce kwana uku. Yaya za a zuba wannan da kunya a ƙwarya ɗaya? Na ga amarya a unguwarmu da ta kwashi karatun littafi ta kai ɗakin miji, ya yi sallama ta amsa ciki-ciki, dangi su zo ta shige ƙurya, wai kada a raina ta. Ko shekara ba a rufa ba aka fara kiran iyaye.

Kunyar gaskiya a wurin gwaggona na gan ta. Tana aure a ƙasar Maraɗi, 'yarta ta fari kuma aka kawo ta nan cikinmu. Da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilu na 2022, zumunci ya koma waya. Gwaggo za ta kira ta tambayi kowa, har awaki, sai can ƙarshe ta ce, "Ya mutanen gidan can?" Shi ke nan. Amma duk wanda ya samu ya ratso ta daji, sai ka gan shi da ƙullin kuka da daddawa da yaji, ba a faɗi na wa ba, kowa kuma ya sani. Wannan shirun ne nake nema a littattafanmu ina rasawa, don ya fi ɗaure fuska wuyar rubutawa.

Kada ku ce na zo wanke kunya tas. Ita ma tana da nata ta'adin, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Yarinyar nan ta samu cikin fari. A al'ada gida za ta koma goyon ciki, amma wa zai ɗora mai tsohon ciki a babur ya bi da ita daji? Sai ta zauna ɗakinta. Naƙuda ta kama ta tun magariba, ta cije ta yi shiru, don tun tana ƙarama take jin ana yabon wadda ta haihu ko tari ba a ji ba. Uwar miji ta lura, ta yi kawaici kada ta ba ta kunya. Mijin ya ji motsi, ya ji nauyin tambaya gaban uwarsa. Mutum uku, kowa yana aikin kirki a ganinsa, har rana ta biyu. Da aka kai ta asibiti ita ta tsira, ɗan bai zo da rai ba. Kuma ta ma yi sa'a. Duk wadda ta taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ta ga 'yan mata masu yoyon fitsari, ta san inda doguwar naƙuda ke kai mace.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na buɗe littafi na tarar ana yi wa shiru kirari, kowane iri ne. Marubuciya, ke ma fa uwa ce ko yaya, 'yan mata na ɗaukar maganarki fiye da ta gidan. In jarumarki miskila ce ki ce miskila, kada ki yafa mata mayafin kunya. In kuma mai kunya ce, ki nuna mana ita rana ɗaya ta buɗe baki ta ce, "Inna, marata ke ciwo," kuma mutuncinta bai ragu ba.

Da aka buɗe iyaka gwaggo ta zo. Ta gaisa da kowa a zaure da tsakar gida, ta sha ruwa, ta tambayi awaki. Sannan ta ɗaga labulen ɗakin 'yarta ta shiga, muka ji ta kira ta da sunanta na yanka. Duk tsawon rayuwata ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar.