Surar Annasara a Waƙoƙin Zuwan Turawa

Masu nazari da dama sun ɗauka cewa ƙyamar Turawa a ƙasar Hausa jahilci ne ya haife ta. A tamu fahimtar, wannan ra'ayi bai yi wa tarihi adalci ba.

Idan muka dubi waƙar zuwan Annasara da ake danganta wa Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, za mu tarar tsoron rushewar addini da mulki ne jigonta. Tsoron kuwa ya tabbata: Sakkwato ta faɗi a Maris 1903, aka kashe Attahiru a Burmi a Yuli, sannan a 1906 aka rushe Satiru, wadda ba ta da nisa da Boɗinga. Wanda ya fara sanin Bature ta bakin bindiga, da wuya ya yarda da allonsa.

Sai dai inda muke da gyara shi ne, magada wannan sura sun haɗa mai bindiga da malami da likita a suna guda, wato Nasara. Ta haka aka ƙyamaci boko, 'ya'yan talakawan Kajiji da makwabtansu suka biya bashin da ba su ci ba. Aikin manazarci shi ne ya rarrabe su.