Gwanintar Masu Bibiyar Ɗalibai a Darussan Lafiya na Intanet

Yin rajista a darasin intanet ba wuya, kai shi ƙarshe ne jan aiki. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 kan buɗaɗɗun darussan jami'o'in Harvard da MIT na Amurka ya gano cewa kusan kashi 3 cikin 100 ne kacal suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018, kuma fiye da rabin masu rajista ko buɗe darasin ba su yi ba. A fannin lafiya asarar ta fi ciwo, domin ungozomar da ta tsaya a tsakiyar darasin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, da rabin ilmi za ta shiga ɗakin haihuwa.

Irin wannan karatu ya bazu tun da Brazil ta kafa UNA-SUS a 2010 don horar da ma'aikatan lafiyarta kyauta, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe OpenWHO a 2017. Inda aka ɗauki lamarin da muhimmanci, akan ajiye mai bibiya: mutumin da ba ya koyarwa, amma idonsa na kan kowa.

Manhaja irin Moodle tana nuna masa ranar da ɗalibi ya shiga, babin da ya buɗe, da makin da ya ci. Gwani yana karanta wannan kamar yadda nas ke karanta katin majiyyaci. Wanda bai taɓa shiga ba, galibi kalmar sirri ce ta ɓace masa, sai a tura masa hanyar sabunta ta. Wadda ta faɗi gwaji sau biyu ta yi shiru, gwiwarta ce ta yi sanyi, sai a nuna mata shafin da amsar take. Wanda ya tsaya daidai kan bidiyo, data ce ta gagare shi, sai a aika masa rubutaccen darasin. Wanda kuma ya gama komai ya bar takardar jin ra'ayi ta ƙarshe, layi ɗaya ya ishe shi: "Malam, saura taki ɗaya ka karɓi satifiket."

Lokaci ma ilmi ne. Gwani ba ya jira sai wa'adi ya ƙure. A makonnin farko yake tarar mutum, tun alaƙa ba ta yanke ba. Ya san wanda ya kwana aikin dare ba a damunsa da sassafe. Yana kiran suna, yana tambayar abin da ya tsare, ba ya faɗa.

Dabara guda ga kowa ba ta wadatarwa. Wani gwaji kan ɗalibai kusan 250,000 da aka buga a 2020 ya nuna cewa sa su rubuta tsarin karatunsu tun farko ya ƙara musu himma na 'yan makonni, amma bai ƙara yawan masu kammalawa ba. Kowane shiru da dalilinsa, kuma mutum ne ke iya tantancewa.

Don haka duk hukumar da za ta shirya wa ma'aikatan lafiya darasin intanet, ta ware kuɗin mai bibiya tun a kasafin farko, ta kuma horar da shi yadda take horar da malamin darasin.