Fashi Uku, Darasi Ga Masu Koyon Rubutun Fim

A 'yan shekarun nan, duk lokacin da muka ba ɗalibai aikin rubuta wasa a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, da yawansu labarin 'yan fashi suke kawowa. Ba mu ga laifinsu ba, abin da suke kallo ke nan. Inda muke da ja shi ne zubin labarin: ɓarayi su zauna a falo su yi ta bayyana abin da za su yi, su je su yi, su dawo su sake ba juna labari, sannan a shafin ƙarshe 'yan sanda su faɗo daga sama su kama kowa. Wannan ya sa muka waiwayi wasu finafinai uku na shekarun 1950, irin waɗanda masu sharhi a Faransa, tun daga Nino Frank a 1946, suka laƙaba wa suna "film noir", wato baƙin fim, saboda duhun hotonsu da duhun zukatan mutanen ciki.

Na farko shi ne The Asphalt Jungle, wanda John Huston ya ba da umarni a Amurka a 1950. Wani dattijo da ake kira Doc ya fito daga kurkuku da dabarar fasa kantin gwala-gwalai, ya tara mai fasa akwatin ƙarfe, da direba, da ƙato mai bindiga wai shi Dix. Abin lura shi ne kowanne da ƙishirwar da ta kawo shi. Dix so yake ya fanshi gonar dawakin mahaifinsa a Kentaki. Lauyan da ya yi alkawarin zuba kuɗi kuwa ya riga ya karye, kwalliya ce kawai ta rage masa, don haka tun farko da cin amana ya shigo. Shi kansa Doc, mai sanyin kai, an nuna mana shi tun da wuri yana ƙura wa hotunan 'yan mata na jikin kalanda ido. Da ya kusa tsira, sai ya tsaya a wani gidan abinci na bakin hanya yana zuba wa wata yarinya kwabbai a akwatin waƙa don ya kalli rawarta. 'Yan mintocin nan su suka ba 'yan sanda shi. Mai kallo ba zai ce an cuce shi ba, domin an shuka wannan hali a gabansa kafin a girbe shi.

Na biyu, wanda a ganinmu ya fi su duka, shi ne Rififi na 1955. Jules Dassin ya yi shi a birnin Faris bayan an hana shi aiki a Holiwud bisa zargin kwaminisanci, kuma ya ci masa kyautar gwanin darakta a bikin Cannes na shekarar. A tsakiyar fim ɗin akwai kusan rabin awa da ba a furta kalma ko ɗaya, babu kuma kiɗa. Mutum huɗu sun shiga gidan da ke saman kanti, suna huda daɓe da guduma da aka naɗe wa kai da tsumma. Da rami ya buɗe, suka zura lema suka buɗe ta daga ƙasa don ta tare ɓaraguzai, kada su faɗi su ta da ƙararrawar tsaro. Ita kuma ƙararrawar suka cika mata ciki da kumfar kashe gobara. Me ya sa muke fahimtar duk wannan ba tare da bayani ba? Domin kafin daren an nuna mana su a ɗaki suna gwada irin ƙararrawar, suna kasawa, har suka gano dabarar kumfa. Mun san abin da zai iya tona musu asiri, shi ya sa da ɗayansu ya taɓa fiyano bisa kuskure, gabanmu ya faɗi tare da nasu. A nan ya kamata ɗalibinmu ya tsaya ya dubi rubutunsa. Mu mutane ne masu son zance, kuma wasanninmu na rediyo sun saba mana da cewa sai an faɗa ake sani. Fim kuwa ido yake fara ciyarwa. Ta'addancin da ya biyo baya ma daga abu ƙarami ya taso: mai fasa akwatin, wanda Dassin da kansa ya fito a matsayinsa, ya ɓoye zobe ɗaya ya ba wata mawaƙiya, zoben ya kai labari ga abokan gaba.

Na uku, The Killing na Stanley Kubrick, 1956, fashin dala miliyan 2 ne a filin sukuwa. Gwanintarsa tana wajen tsari: ana komawa baya a sake nuna rana guda ta idon kowane ɗan ƙungiya. Amma ba mu gamsu da muryar mai ba da labari da ke ta karanto mana ƙarfe nawa ba, kamar sanarwar tashar jirgin ƙasa. Ƙarshensa ma akwai magana. Ɗan kare ya tsere daga hannun wata mata a filin jirgin sama, mai jan kaya ya kauce masa, akwatin kuɗi ya faɗi ya buɗe, iskar farfela ta watsa su. Gaskiya ne an nuna tauraron ya sayi tsohon akwati mai mataccen makulli, sai dai karen tsautsayi ne zalla, bai kai rawar da ta kama Doc nauyi ba.

Akwai abin da ya haɗa marubutan Amurka na wancan zamani da namu. Dokar tace finafinai ta Holiwud, wadda aka tsaurara daga 1934, ba ta yarda mai laifi ya ci riba ba. Wanda zai rubuta fim a Kano, inda aka kafa hukumar tace finafinai a 2001, shi ma ya san ɓarawonsa ba zai sha ba. Tun da kowa ya san ƙarshen, aikin marubuci ya koma kan ta yaya, kuma ta hannun wa.

Abu ɗaya ne ba mu so a kwaso. Irin waɗannan finafinai suna da ɗabi'ar rataya wa mace laifin rushewar maza. A The Killing matar kashiya ce ta kai wa kwartonta labari, amma wa ya kasa riƙe bakinsa a gida? A Rififi mawaƙiyar ba ta ma san daga inda zoben ya fito ba. Littattafanmu na soyayya sun riga sun cika da muguwar kishiya da mayaudariyar budurwa, ba sai mun yi oda daga waje ba.

A zangon da ya wuce mun ba 'yan aji biyar aiki: shafi biyu, babu magana, yara uku za su sace takardar jarrabawa daga ofishin shugaban makaranta. Yawancinsu sun kasa haƙuri, sun sa wani ya yi raɗa. Yarinya ɗaya ce ta sa ɓarawonta ya cire silifas ya riƙe a hannu, sannan da ya ji tarin maigadi ya gudu ya bar ƙafa ɗaya a ƙarƙashin tebur, da sunansa rubuce a jiki da biro, kamar yadda 'yan kwana ke yi wa kayansu.