Ruwan Hoda: Sharhi a Kan Matsayinsa Cikin Launukan Hausa

A allunan launuka da akan rataya a azuzuwan firamare na birnin Katsina, da kuma littattafan da ɗaliban kwalejojin horon malamai ke shirya darasi da su, akan jera launuka goma sha ɗaya, kowanne da sunansa na Ingilishi da na Hausa. A gaban wanda Turawa ke kira *pink* akan rubuta "ruwan hoda". Fassarar ba ta da laifi. Inda gyara yake shi ne matsayin da aka ba kalmar, da kuma ma'anar da ake ɗora mata.

Wannan jeri tsarin Ingilishi ne. Berlin da Kay, a littafinsu na 1969, sun nuna cewa harsuna sukan fara da fari da baƙi, sa'an nan ja, kuma launin da ake magana a kansa yana cikin na ƙarshe da kan sami suna na kansu. Hausa kuwa tana da sunaye na asali, kamar fari da baƙi da ja da shuɗi da kore, waɗanda ke da siffar mace da ta jam'i: fara, farare, shuɗiya, shuɗɗa. Sauran launuka akan kwatanta su da wani abu sananne, watau ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa. A cikin wannan kashi na biyu ruwan hoda yake, kuma shi ne ƙaraminsu, domin ita kanta "hoda" aro ce daga Ingilishi. Jera shi kafaɗa da kafaɗa da ja kamar zaunar da baƙo ne a buzun mai gida.

Kafin zuwan hoda, ja ne ke riƙe da wannan fili, har yanzu ma bai sake shi ba. Mai sayar da goro a kasuwar Katsina, in ya buɗe huhu, fari da ja kawai ya sani, alhali da yawa daga abin da yake kira jan goro Bature ba zai ce masa ja ba. Haka jar kanwa. Har laƙabin nan na "jan kunne" da aka yi wa Turawa, ai launin fatarsu aka duba. Idan kuma ana son a nuna jan bai cika ba, sai a maimaita kalmar, a ce ja-ja, kamar yadda ake cewa fari-fari. Yaron da aka tambaye shi launin goro ya ce ja, malami ya buge amsar don allo ya ce ruwan hoda, an hukunta shi ne a kan ya iya harshensa.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi. Akan gaya wa yara cewa ruwan hoda launin mata ne, shuɗi na maza. Wannan al'ada ko a ƙasashen Turawa ba tsohuwa ba ce. A 1918 wata mujallar 'yan kasuwar tufafin yara a Amurka ta ba da shawarar a sa wa yara maza wannan launi, mata kuwa shuɗi. Sai wajen 1940 zuwa 1950 al'amarin ya juye ya zauna yadda aka san shi. A ƙasar Hausa ba a yi wannan rabo ba. Wanda ya tsaya a Ƙofar Soro ranar hawan Salla zai ga magidanta da manyan riguna na shadda mai wannan launi, ba wanda ya ɗaga ido. Shuɗi kuwa, da rinin baba, na maza ne da mata baki ɗaya. Bugu da ƙari, abin da Bahaushe ya jingina wa ja ƙarfi ne da tsanani: jan aiki, jan hali, jar rigar dogari. Sunan hoda ne kaɗai ya ja launin zuwa ga kayan kwalliya, kuma suna ba ya isa hujja.

Wannan ba gardamar malamai ce kurum ba. Tun daga farkon shekarun 1990 ƙyalle mai ruwan hoda ya zama alamar yaƙi da ciwon dajin mama, ana ɗaura shi a watan Oktoba. Alamar tana aiki ne inda mutane suka riga suka haɗa launin da mace. Matar da ba ta yi wannan haɗi ba, ƙyalle kawai ta gani, sai an yi mata bayani da baki.

Saboda haka ya kamata masu shirya littattafai su raba allon gida biyu, launukan asali daban, na kwatance daban, su sa ruwan hoda a ƙarƙashin ja tare da ja-ja. Malami kuma, in ya zo kan batun maza da mata, ya faɗa wa ɗalibai cewa al'adar Amurka da Turai ce, ya kuma karɓi "ja" daga bakin yaro a matsayin amsa daidai.